Dalma a Hancin Zalɓe

Mutanen da ke taruwa duk Asabar a tsohon filin ƙwallo na bayan ma'aikatar kwali, kowa da irin haukarsa, kuma kowa na ganin ta ɗan'uwansa ce ta fi muni. Manya ne fa, masu furfura da jikoki, amma in ka gan su suna bin jirgin sama na wasa da gudu, baki buɗe, sai ka rantse yanzu aka taso su daga firamare. Mai Kemis ba abin da yake nema a jirgi sai ƙara. In injinsa bai sa maƙwabta sun leƙo ta taga ba, a wurinsa ba a yi komai ba. Tela kuwa kamanni yake so. Shekara biyu ya yi yana haɗa wani jirgi har da kujeru da labule a ciki, kullum ya zo da shi ya ajiye a kan bargo, bai taɓa barin ya tashi ba, wai kada ya ƙuje. Ga kuma direban bas ɗin da ake ce wa Kyaftin, wanda ko matakalar jirgin gaske bai taɓa takawa ba, amma babu faɗuwar da za a yi bai ce shi dama ya hango ta ba.

Sai 'yan'uwan nan biyu, Yaya da Auta. Su nasu jirgin ba inji, ba batir, ba abin sarrafawa a hannu. Katako ne marar nauyi da takarda da gam. Mutum ɗaya ke riƙe shi ya saki, ɗaya ya ja dogon zare da gudu, in ya kai sama zaren ya zame daga ƙugiya, daga nan kuma sai yadda iska ta yi da shi.

Yaya ya yi shekara talatin yana zanen taswirar gine-gine a ofis kafin ya yi ritaya, don haka shi ke zane da lissafi. Auta mai gyaran agogo ne, shagonsa wani ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, shi ke yanka da haɗawa. Ya haura hamsin da biyar, gemunsa ya yi fari fat, amma Yaya bai taɓa kiransa da komai ba sai Auta, har mutanen fili suka ɗauka.

Uwa ɗaya uba ɗaya, tebur ɗaya, jirgi ɗaya, amma abin da suke nema a cikinsa ya sha bamban. Akwai wata iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa in rana ta ɗaga. Ba a ganinta, sai dai ka ga shirwa ta daina kaɗa fiffike tana zagaye tana ta hawa. Ita Yaya yake farauta. Burinsa abin da ya zana a takarda ya shiga cikin wannan iska ya hau kamar mai rai. Auta kuwa mutum ne da ya saba a kawo masa abu, ya gyara, ya koma hannun mai shi. Shi abin da yake nema a jirgi shi ne ya dawo.

Na farko da suka yi, Tsattsewa suka sa masa suna. Wata takwas Auta ya yi yana sunkuye a kansa da gilashin ido da reza. A tashi na uku Tsattsewa ya shiga iskar nan, ya hau, ya ƙanƙance, ya tsallake rufin ma'aikata, shi ke nan. Yaya ya jefa hula sama yana ihu kamar an ce ya ci mota. Auta ya yi kwana uku yana bin lungu-lungu yana tambayar mutane ko sun ga wani abu ya faɗo. Bai samu ko tsinke ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya fi jin ciwon murnar da yayansa yake yi.

Da za a fara na biyu, sai ya kawo shawara. Ya ce zai haɗa wani ɗan ƙaramin abu da kayan cikin agogo, in an yi minti biyu a sama ya ɗaga wutsiyar jirgin, ya sauko a hankali. Wasu masu irin wannan wasa haka suke yi.

Yaya ya cire tabarau ya dube shi. "Auta, ni ban zana tsuntsu don a ɗaure masa ƙafa ba."

"Ai kai zane kake yi, Yaya. Takarda ba ta ɓacewa. Ni idona da bayana ne ke tafiya."

"In ya tafi mu yi wani. Mene ne amfanin hannunka?"

Auta ya mayar da kai kan aikinsa, irin na ƙannen da aka fi ƙarfinsu a baki tun suna yara.

Na biyun shi ne Zalɓe, saboda dogayen fikafikansa sun fi gaba guda, wato tsawon hannuwan mutum in ya ware su. Haƙarƙarin fiffike sittin da huɗu Auta ya yanka masa ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowanne da sanfefa har sai da sikelinsa na auna ƙananan kaya ya ce nauyinsu ɗaya. Ya lulluɓe saman fiffike da farar takarda, ƙasan da shuɗiya mai kauri. Wata goma sha ɗaya aka yi. Ranar da ya gama, ya jingina shi da bangon shago ya zauna yana kallo, ya san a ransa bai taɓa yin abu mai kyau irin wannan ba, kuma da wuya ya sake.

To, masu wannan wasa suna da abin da suke yi kafin kowane tashi. Akwai wuri guda a ƙarƙashin fiffike da lissafi yake nunawa, inda nauyin gaba da na baya suke haɗuwa. Ana ɗiga fenti a nan, ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Sai mutum ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai ɗigon. In ya tsaya cak, lafiya. In hanci ya rinjaya, jirgi zai riƙa gangarowa ƙasa; in wutsiya ce, zai yi ta tuntuɓe a iska. Ba wanda yake ɗaukar rula a fili, ɗigon ake bi.

Ana gobe za a kai Zalɓe fili, da rana tsaka, Auta ya jawo wani tsohon agogon bango da mai shi ya manta da shi shekara da shekaru. Ya yanko dalma daga nauyin da ke rataye a cikinsa, kamar ƙwayar wake, ya goge ta, ya tura can cikin hancin jirgin, ya rufe da katako ya bi da fenti. Sannan ya ɗiga fararen ɗigon nan biyu, ba inda zane ya ce ba, sai gaba kaɗan, faɗin yatsa ɗaya, daidai inda jirgin zai tsaya cak da dalmar a cikinsa. Ya ce wa kansa na mako biyu ne ko uku, ya ɗan ƙoshi da kallonsa, sai ya cire.

Washegari Zalɓe ya hau zare gwanin sha'awa, har Mai Kemis ya kashe injinsa don ya kalla. Amma yana rabuwa da zaren sai ya sunkuyar da kai ya gangaro, ya sauka a ciyawa lafiya lau. Yaya ya duba agogon auna lokaci da ke rataye a wuyansa. Daƙiƙa arba'in. Ya ɗora jirgin a kan yatsu, ya tsaya cak.

Kyaftin ya matso. "Ni dama na hango. A sake auna ɗigon nan, Malam."

Yaya ya yi dariya. "Kyaftin, abin da Auta ya auna ba a sake aunawa. Mutumin da yake daidaita abin da ido ba ya gani a cikin agogo? In akwai kuskure, a zanena yake."

Auta yana tsaye yana naɗe zare. Maganar ta shige shi, amma bai ɗaga kai ba. Ga Zalɓe nan a gabansa ko ƙwarzane babu, kuma gaskiyar magana daɗi ya ji.

Mako uku suka zama wata uku, wata uku suka zama shekara huɗu. Yaya ya shimfiɗa zanen a teburin falo ya bi lissafinsa layi-layi, bai ga komai ba. Ya sauya wutsiya. Ya sake sauyawa. Ya sake. Duk sauyin wutsiya sai an buɗe hanci an daidaita nauyi, kuma Auta ne ke yi shi kaɗai a shago. Sau uku ke nan dalmar nan tana faɗowa a tafin hannunsa, sau uku yana mayar da ita. Da farko tsoron rasa jirgin ne ya hana shi. Daga baya kuwa kunya ce tsagwaronta, don in Zalɓe ya tashi yau haka kawai, Yaya ba yaro ba ne, sai ya tambayi abin da ya canza.

Wata Asabar suna komawa gida, Yaya ya ce, "Auta, ina jin kaina ya fara tsufa. Lissafin da nake yi ina shan shayi, yau shi ya gagare ni shekara uku."

"Haba Yaya, iska ce ba ta da kyau bana."

"Iskar da shirwa ke hawa a kanmu kullum?"

Ba a daɗe ba matar Yaya, wadda Auta ke ce wa Anti, ta tare shi a ƙofar gida. Ta ce yayansa ya naɗe zane-zanensa duka ya sa a kwali ya tura saman kabad, ya ce ya gama. Ta ce ba wannan ne ma ya fi damunta ba. Mutumin ya fara karo da gefen ƙofa, yana ture kofi da ke kusa da gwiwar hannunsa, in an yi magana ya ce hankalinsa ne ya tafi wani wuri.

Da ƙyar aka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ta gefe-gefe, an makara. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yaya da kansa ya kwatanta wa Auta, ya dunƙule hannu ya bar 'yar kafa ya kara a ido. "Haka nake ganin duniya yanzu, kamar ta cikin bututu. Kuma bututun matsewa yake yi."

A ranar Auta ya yanke shawara: dalma za ta fita, ko me za a yi a yi, Yaya ya ga abinsa a sama tun da sauran gani. Sai dai Zalɓe ya bar shago. Yaya ya sa an rataye shi a bangon falonsa, daidai inda kujerarsa ke kallo. Ba yadda za a taɓa hancinsa sai a gabansa, wato sai an buɗe baki an faɗa.

Auta ya sa 'yar wuƙarsa ta aiki a aljihu ya tafi. Ya zauna, ya sha shayi, ya yi hirar tsadar batirin agogo, ya tashi. Mako na gaba ma haka. Sau nawa ya shirya maganar a hanya, yana isa ya ga yayansa yana laluben hannun kujera, sai ya fasa. Ana cikin haka ruwan sama ya sauka, fili ya zama tafki, ya sami uzurin da ya fi ƙarfinsa, kuma Allah ya sani har ajiyar zuciya ya yi. Kafin ƙasa ta bushe a yanke ciyawa, bututun ya rufe. Yaya ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Wata Laraba da la'asar Auta ya shiga falon ya tarar an sauko da Zalɓe. Yana kan cinyar Yaya, yana bin fikafikan da yatsu a hankali. Anti na gefe tana ninke wanki.

"Auta ne? Zo ka ga abin mamaki. Kama yatsuna ka ɗora a kan ɗigon nan naka."

Auta ya durƙusa ya ɗora. Jirgin ya tsaya cak.

"Madalla. To yanzu duba." Yaya ya ja yatsunsa baya kaɗan-kaɗan yana danna takardar, har ya ji tudun katako a ƙarƙashinta. "Ka ji wannan? Ƙashin baya na fiffike ke nan. A zanena, a kansa daidai ɗigon ya kamata ya zauna. Da gangan na yi haka. Lokacin da nake da ido ban taɓa lalubawa ba, fenti nake bi."

Ya ɗaga jirgin a kan ƙashin. Hancin Zalɓe ya sunkuya a hankali har ya taɓa gwiwarsa.

Anti ta tsaya da riga a hannu.

"Wuƙar tana aljihunka," in ji Yaya. "Wata nawa ina jin tana karo da makullanka duk lokacin da ka zauna. Kai ka rufe, kai za ka buɗe."

Hannun da bai taɓa kuskure a kan agogo ba, ranar sai da ya yi yanka biyu kafin ya sami wurin. Dalmar ta faɗo. Ya sa ta a tafin yayansa.

Yaya ya mirgina ta tsakanin yatsu. "Sumul. Kai ko cuta za ka yi wa mutum sai ka bi ta da sanfefa."

Anti ta kwashi wankinta ta fita, ta jawo ƙofa.

"Tsoro na ji, Yaya. Kada ya tafi kamar Tsattsewa. Na ce mako biyu kawai..."

"Da ka faɗa mini, ai faɗa za mu yi, kwana biyu mu shirya. Yau muka fara?" Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi tsawa da ya fi wa Auta sauƙi. "Ni ba jirgin ne ya dame ni ba. Shekara huɗu ina zaton ƙwaƙwalwata ta mutu. Na je asibiti ina cewa a raina, to ga ido ma ya bi kai. Kana zaune kusa da ni ranar."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Toshe hancin nan tukuna. Asabar muna da aiki."

Ranar Asabar da hantsi Auta ya riƙo hannunsa har tsakiyar fili. Ba su gaya wa kowa komai ba, amma ganin Yaya bayan wata da watanni ya sa Mai Kemis ya kashe inji, Tela ya bar jirginsa a kan bargo ya taso. Yaya ya ɗaga Zalɓe sama da kansa, Auta ya warware zare ya yi nisa ya tsaya yana jira.

Sun daɗe a haka. Kyaftin ya ce a saki mana, hannu zai gaji. Yaya bai kula shi ba, ya karkata fuska kamar mai sauraron magana a bayan ƙofa. Can iska ta ɗauke, wani ɗumi ya taso ya shafi kumatunsa. Tela ya ɗaga kai ya ga shirwa biyu sun daina kaɗa fiffike, ya buɗe baki zai faɗa, amma Yaya ya riga shi.

"Ruga, Auta!"

Auta ya ruga da gwiwoyinsa na mai shekara sittin, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Ya ji zaren ya yi nauyi, ya yi nauyi, sannan ya saki. Ya juyo yana haki.

Zalɓe bai sunkuyar da kai ba. Ya tsaya a iska kamar yana tunani, ya karkata hagu, ya yi zagaye ɗaya mai faɗi, a na biyun ya fi inda ya fara tsawo. Fili ya kaure da ihu. Tela na tsalle, Mai Kemis na dukan kafaɗar Kyaftin, Kyaftin kuwa yau bai ce ya hango komai ba.

Auta ya dawo da ƙafa ɗaya ba takalmi. Yaya ya danna agogon wuyansa tuntuni, yana riƙe da shi a hannu, abin da ba zai iya karantawa ba.

"Faɗa mini. Kada ka rage komai."

"Yana hawa, Yaya. Hagu yake zagayawa, yadda ka zana. Ya kai shirwa ta ƙasa. Ya wuce ta."

"Fiffiken na rawa?"

"Ko kaɗan. Kamar an ɗora shi a kan tebur."

Yaya na murmushi, ya ɗaga fuska yana kallon wajen bututun hayaƙin ma'aikata, alhali jirgin ya yi gabas tuntuni. Auta ya ga haka. Ya kama kafaɗunsa ya juya shi a hankali, ya ɗan ɗaga masa haɓa.

"Nan?"

"Nan, Yaya. Daidai nan."

"Haske dai nake gani. Shuɗin ya fito?"

"Ya fito. In ya juya kuma farin ya ɗauki rana."

Ya ci gaba da faɗa, muryarsa na karyewa, har jirgin ya koma kamar ƙuda, har ya zama shi ma sai ya ƙifta ya sake nema. Daga nan bai ƙara samunsa ba. Ya ce, "Ya tafi." Yaya ya danna agogo ya miƙa masa.

"Minti goma sha ɗaya da daƙiƙa ashirin."

"Ashe zanen daidai yake," in ji Yaya. Fuskarsa na nan inda aka juya ta. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai lissafi shi kaɗai, "Ko bara ne, Auta, da na gan shi. Bara war haka idon dama yana kaiwa rufin can."

Auta shi ma ya yi wannan lissafin tun kafin su baro gida. Kuka ya zo masa, ya bar shi ya zubo a gaban kowa.

Yaya ya laluba aljihun rigarsa, ya nemo hannun ƙaninsa, ya sa masa dalmar a tafi ya naɗe yatsun a kanta.

"Riƙe abinka. Wannan dai ba za ta ɓace maka ba."

Tela ya kawo takalmin. Auta ya sa, ya naɗe zaren, ya ba yayansa gwiwar hannu ya kama. Suka nufi bakin titi a hankali, yana gaya masa inda rami yake.